Bakolori: Wa Zai Riƙe Makullin Filin Gidan Tarihi?

Bahaushe bai taɓa rikita hanyoyin da gona ke bi ta fita daga hannun mai ita zuwa hannun wani ba. Kowace hanya da sunanta, kuma kowane suna da hukuncin da yake ɗauke da shi. Idan aro ne, to alheri ne kawai, ranar da mai abu ya buƙata sai a mayar masa. Idan jingina ce, kuɗi aka karɓa, gona za ta zauna a hannun mai kuɗi har ranar da aka fanshe ta, ko da kuwa jika ne ya zo fansar. Idan sufuri ne, wanda yanzu muka fi kira haya, magana ce ta damina ɗaya ko biyu, a biya, a noma, a tashi. Idan kuwa saye ne, an rabu ke nan, shi ya sa ake kiran shaidu da mai unguwa, domin kada gobe wani ya ce ba da saninsa aka yi ba. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne yadda kalmar sufuri ta bar gona ta koma tasha, ta yadda a yau idan ka ambace ta ba abin da zai zo a ran yaro sai mota, ita kuwa hayar da ta gaje ta, ita kanta aro ce daga Turanci.

A zamanin nan an samu wata hanya ta biyar wadda kakanninmu ba su yi mata suna ba. Hukuma za ta ɗauki filin jama'a ta miƙa wa ɗan kasuwa na tsawon shekara 99, takarda kuma ta kira wannan haya. Wanda ya sa hannu ba zai ga ƙarshen wa'adin ba, ɗansa ma da wuya ya gani. A ma'aunin mutanen da, wannan saye ne, sai dai an yi shi ba tare da an kira shaidu ba. Tambayata a wannan rubutu ita ce su wane ne ya kamata su zama shaidun, kuma amsar da nake ganin ta fi kusa da daidai ita ce majalisar dokoki, duk da irin raunin da kowa ya san majalisunmu da shi. Zan ɗauko maganar ne daga wurin da aka fi rainawa, wato filin ajiye motoci da 'yan shagunan da ke kewaye da gidan tarihi, domin a irin waɗannan ƙananan wurare ne dukiyar jama'a ta fi saurin sulalewa.

Na daɗe ina da ra'ayin cewa yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya cancanci gidan tarihi nasa na kansa, kuma a gefen madatsar ruwa ta Bakolori ya dace ya zauna. Ba ƙaramin abu ƙasar nan ta tara ba. Daga nan Musa Ɗanƙwairo ya fito, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta fi sani da Maradun, ya yi wa Sarkin Kaya waƙa, ya yi wa Sardauna, ya rasu a 1991. Daga Faru ta ƙasar Maradun Sa'idu Faru ya fito, mawaƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Kotsunansu da tufafinsu da faya-fayen da aka naɗe muryoyinsu a kai suna warwatse a hannun magada da gidajen rediyo da masu sayar da kaset. Daɗin daɗawa, tun dawowar mulkin farar hula a 1999 kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya fitar da gwamnan Zamfara: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle daga Maradun, daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan a hannun yanki ɗaya, don haka ba za a ce rashin ɗan gida a sama ne ya bar tarihin a warwatse ba.

Amma babban abin da gidan zai adana shi ne labarin Bakolori kanta. An kammala madatsar a kan kogin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kimanin kyubik mita miliyan 450, kuma an tsara za a shayar da hekta 23,000, wasu ta magudanan ruwa, mafi yawa ta bututun feshi. Ruwan ya ci gidaje da gonakin mutane kusan 13,000, ciki har da mutanen tsohon garin Maradun, aka tashe su zuwa sabon matsuguni. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani kuwa an ce su dakata, katafila za ta daidaita ƙasa, daga baya a sake raba musu. Suka dakata, damina ta wuce, wata ta bi bayanta, an sare itatuwansu, iyakokin da suka gada sun ɓace, diyyar da aka alkawarta kuma wasu ta zo musu a makare, wasu a gutsure, wasu ko ƙeyarta ba su gani ba. Can ƙasa da madatsar kuma, manoman fadama da suka dogara da ambaliyar kogi don shinkafa da noman rani suka wayi gari ruwan ya daina zuwa yadda ya saba, dubban hektoci suka bushe, su kuwa tun farko ba a ma sa su cikin lissafin waɗanda aikin ya shafa ba.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin suna hana ma'aikata wucewa. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Alƙaluman hukuma sun tsaya a kan mutum ashirin da 'yan kai, 'yan adawa da masu bincike suka ce waɗanda aka kashe sun haura 380. Marigayi Yusufu Bala Usman ya tattara bayanai a kan lamarin, Turawa irin su Bjorn Beckman da William Adams sun yi rubuce-rubuce masu zurfi, amma duk da Turanci, a mujallun da manomin Birnin Tudu ba zai taɓa gani ba. Jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna wucewa ta gefen madatsar kullum, da yawansu abin da suka sani bai wuce gutsuren da kaka ta faɗa musu ba.

Mai karatu zai ce to me ya haɗa wannan babban lamari da wurin fakin? Abin da ya haɗa su shi ne ƙasa, da kuma wanda ke yanke hukunci a kanta. An tsara Bakolori an kuma gina ta a zamanin soja, lokacin da babu majalisa ko ɗaya a ƙasar nan, da dokokin soja aka kafa hukumar, da dokar soja ta watan Maris na 1978 aka mayar da ƙasa hannun gwamna. Babu wani zaure da wakilin Maradun zai miƙe ya tambayi nawa za a biya, yaushe, kuma wa zai tabbatar. A ƙarshen shekarun 1980, a wani zamanin sojan, aka rage wa hukumomin raya koguna aiki, aka raba su da noma kai tsaye, kwamitin sayar da kadarorin gwamnati da aka kafa a 1988 a ƙarƙashin Dokta Hamza Zayyad ya sa aka yi gwanjon kadarorinsu da ba na ruwa ba. Bututun feshin nan da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu suka lalace, aikin ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da aka tsara, har sai da aka ciyo bashin Bankin Duniya na kusan dala miliyan 495 a 2014 domin gyara wasu manyan ayyukan noman rani na Arewa, ciki har da Bakolori. Wurin da ya ga irin wannan bai kamata a sake kafa masa wata hukuma mai fili ba sai an rubuta tun farko wa ke da ikon bayar da filin. Tun ran gini, ran zane.

Gidan tarihi ba ya rayuwa da kuɗin tikitin shiga, kuma wannan ba a Nijeriya kaɗai ba ne. Duk wanda ya ziyarci Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko tsohuwar Kwalejin Katsina, ko gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ya san yawancin baƙin ɗaliban makaranta ne da malamansu, kuma abin da suke biya ba zai sayi man janareta na mako ba. Kason gwamnati kuwa albashi ke cinye shi. Abin da ya rage wa irin waɗannan gidaje shi ne farfajiyarsu: filin da motoci za su tsaya a biya, shagunan da masu dukanci da saƙa da sayar da littattafai za su kama, ɗakin taron da za a bayar don biki ko lacca, wurin cin abinci. Nan ne kuɗin yake, don haka nan ne idon kowa yake. Ba wanda zai yi rigima a kan tsohuwar tukunya da ke cikin gilashi, amma a kan mita hamsin na bakin titi za ka ga an tashi manya daga barci. Yadda abin ke tafiya sananne ne. Da farko za a ba wani izinin kafa rumfa ta wucin gadi, sai rumfa ta zama kwantena, kwantena ta zama ginin bulo, bulo ya hau bene, daga nan sai takardar mallaka ta fito daga ma'aikatar filaye. Shekara goma baya, motar ɗalibai ta zo ta rasa wurin tsayawa, gidan tarihin kuma ya ɓuya a bayan shagunan da aka ce don a taimake shi aka gina.

Kano ta nuna mana ƙarshen wannan hanya. Ganuwar birnin tana cikin kayan tarihin ƙasa da dokar tarayya ta kare, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su a sahun kayan tarihin duniya. Duk da haka an yi ta yanka filaye a jikin badala ana gine-gine, kuma a zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, aka gina shaguna a filin Idi da harabar wasu wuraren gwamnati. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafila ta bi ta kan da yawansu. A watan Satumban shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jihar ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba ina neman in ce wane ne mai gaskiya tsakanin gwamnonin biyu ba, magoya bayansu sun ishe su wannan aiki. Abin lura shi ne alƙalami ɗaya ya bayar, wani alƙalamin ya rushe, ɗan kasuwa ya yi asarar jarinsa, baitulmali ya biya diyya, kuma talakan da aka ce filin nasa ne ba a tambaye shi ba a farko, ba a tambaye shi ba a ƙarshe. Da a ce akwai dokar da ta wajabta kai irin wannan ciniki gaban majalisa a fili, da sharuɗɗansa a rubuce, da mai bayarwa ya yi tunani sau biyu, mai rushewa ma haka.

Kada a ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A watan Disambar 2008 birnin Shikago na Amurka ya bayar da hayar wuraren ajiye motoci na bakin titunansa, kimanin 36,000, ga wani rukunin 'yan kasuwa da bankin Morgan Stanley ya jagoranta, na tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Magajin gari Richard Daley ya kai wa majalisar birnin takardun, cikin 'yan kwanaki kansiloli 40 suka amince, 5 suka ƙi. A 2009 babban mai binciken birnin ya fitar da rahoto cewa an yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a cinikin. Kuɗin da aka karɓa ya ƙare cikin 'yan shekaru, 'yan kasuwar sun mayar da uwar kuɗinsu tun kafin a cika shekara 15, kuma duk lokacin da birnin ya rufe wani titi fiye da yadda yarjejeniya ta yarda, sai ya biya su diyyar cinikin da suka rasa. A nan an kai maganar gaban majalisa, amma majalisar ba ta karanta ba, wanda ke nuna cewa amincewar da ba a ba ta lokaci da bayani ba, sunanta kawai amincewa.

A wannan birni dai aka yi wata rigimar da ta fi kusa da batunmu. A 2014 attajirin mai shirya fina-finai George Lucas ya nemi gina gidan tarihinsa a kan wani filin ajiye motoci na jama'a da ke bakin tafkin Mishigan, aka shirya ba shi hayar shekara 99 a kan dala 10 kacal. Wata ƙungiyar masu kare filayen shaƙatawa ta kai ƙara, tana cewa ƙasar bakin tafkin amana ce ta jama'a, hukuma ba ta da ikon miƙa ta ga wani. Majalisar dokokin Jihar Ilinoi ta gyara doka a 2015 domin share wa aikin hanya, amma alƙalin kotun tarayya ya ƙi korar ƙarar, a watan Yunin 2016 Lucas ya haƙura ya tattara, daga baya ya koma Los Anjeles. Mutanen birnin har yau sun rabu a kan ko riba aka ci ko asara aka yi. Ni abin da ya ja hankalina shi ne kalmar da aka gina ƙarar a kanta, wato amana, domin ita ce dai kalmar da ke sashe na farko na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, inda aka ce ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana don amfanin 'yan Nijeriya. Sai dai dokar tamu ta naɗa amintacce ba ta ce ga wanda zai riƙa yi wa bayani ba. Gwamna na iya bayar da takardar mallaka, yana iya soke ta a ƙarƙashin sashe na 28, kuma babu inda aka ce sai ya nemi yardar majalisar jiha.

A Bakolori kuwa igiyar ta fi haka sarƙewa. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Majalisar Tarayya ita kaɗai hurumin yin doka a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, da kayan tarihin da aka ayyana na ƙasa ne, da gidajen tarihin da ba gwamnatin jiha ce ta kafa su ba. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana aiki ne da dokar soja mai lamba 77 ta 1979. Filin da ke hannun hukumar tarayya, kamar ta raya koguna, dokar ƙasa ta 1978 ta bar shi a hannun tarayya. Filin da ke wajen wannan, idan na birni ne gwamna ke da shi, idan na karkara ne ƙaramar hukuma ke bayar da izinin gargajiya. Tasha da kasuwa kuwa, Jadawali na Huɗu ya ce aikin ƙaramar hukuma ne. Ke nan ranar da aka kafa gidan tarihi a gefen madatsar, aka share fili don motoci, mutum huɗu za su iya zuwa da rasit a hannu: na hukumar koguna, na ma'aikatar jiha, na ƙaramar hukuma, ga kuma 'yan kamasho na ƙungiyar direbobi waɗanda ba su jiran kowa ya gayyace su. Duk wanda ya taɓa tsayar da mota a kasuwar Talata Mafara ranar da take ci ya san ba tatsuniya nake yi ba. Idan doka ba ta ambaci mai karɓa ɗaya ba, mai ƙarfi ne zai karɓa.

Tsarin mulki bai bar majalisar jiha hannu rabbana ba. Tana da ikon kafa gidan tarihi na jiha da doka. Sashe na 120 ya ce kuɗin shigar jiha su shiga asusu ɗaya kuma kada a fitar sai da izininta, sai fa inda wata doka ta keɓe wani asusu don wata manufa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da kiran kowa ya zo da takardu. Abin da ake buƙata daga Majalisar Dokokin Zamfara mai mambobi 24 shi ne dokar da za ta fara da taswira, wato a auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a liƙa taswirar a jikin dokar ta zama ɓangarenta, ta yadda rage taku ɗaya daga filin zai buƙaci gyaran doka a zauren majalisa, takardar kwamishina ba za ta wadatar ba. Idan filin na hukumar koguna ne, a fara ƙulla yarjejeniya da ita a rubuce kafin a aza tubali. Sannan a raba haya gida biyu. Gajera, ta shekara ɗaya zuwa uku, irin ta mai sayar da fura ko mai ɗinkin hula, a bar wa kwamitin amintattun gidan, bisa farashin da aka manna a bango kowa na gani. Doguwa kuwa, duk wadda ta wuce shekara biyar ko ta ƙunshi ginin dindindin, sai an tallata ta, an kimanta darajar filin, an ajiye takardun a gaban majalisa na aƙalla wata guda kafin a kaɗa ƙuri'a. A ganina kada wata haya ta wuce shekara 25 ko da majalisa ta so, domin wanda ya bayar ya rayu ya ga abin da ya shuka. Filin motoci kuma a rubuta ƙarara cewa ba a gini a kansa, kuɗinsa da na shaguna su shiga keɓaɓɓen asusun gyaran gidan, a buga lissafinsa duk shekara. A cikin amintattun nan lalle a samu wakilan masarautun uku da na ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan madatsar, domin iyayensu ne suka biya kuɗin filin tun 1980.

Na san abin da abokaina za su ce, domin sun sha faɗa mini a ɗakin shan shayi na malamai: ka ba kura ajiyar nama. Suna da hujja. Majalisun jihohinmu sun yi suna wajen zama 'yan amshin shatan gwamna, kasafin kuɗi na biliyoyi kan wuce cikin kwanakin da ba su isa a karanta shi ba, kuma ita kanta majalisar Zamfara a 2024 ta dakatar da wasu mambobinta har ta dare gida biyu, kowane ɓangare na cewa shi ne halastacce. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wato ɗan majalisa ya mayar da ikon amincewa ya zama rabon shaguna, kowane mamba da nasa kason. Shi ya sa nake bambanta aiki biyu. Aikin majalisa ta kafa ƙa'ida, ta ce e ko a'a a bainar jama'a, ta kuma bincika daga baya. Zaɓen wanda zai samu shago ba aikinta ba ne, kuma dokar ta haramta wa mamba mai ci da iyalinsa da amintattun gidan karɓar haya a wurin. Fifikon majalisa a kan ofishin kwamishina ba wai don mambobinta sun fi tsoron Allah ba ne. Abin da aka yi a zaure yana da rana da ranar wata, akwai 'yan jarida, akwai ɗan adawa ko da guda ɗaya ne, akwai kundin da za a buɗe bayan shekara goma a ga wa ya ɗaga hannu. Abin da aka yi a ofis kuwa, fayil ɗaya ne, kuma mun san yadda fayil ke yin ƙafa.

Ya kamata kuma a san cewa ɗaurin doka yana da nasa ciwon. Dokar da majalisar Ingila ta yi wa Gidan Tarihin Birtaniya a 1963 ta hana amintattunsa rabuwa da kayan da ke hannunsu sai a 'yan ƙananan yanayi, abin da ya kare gidan daga masu son sayarwa, amma da ita ce kuma ake kafa hujja a ƙi mayar da tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Don haka a ɗaure filin da ƙarfi, amma a bar ƙofa ga magada: wanda ya kawo kotson kakansa ko takardar gonar da ruwa ya ci, ya zaɓa ko kyauta ya bayar ko aro, a rubuta, a ba shi shaida.

Saura maganar da ta fi kowace nauyi, ita ce ta tsaro. A ƙaramar hukumar Talata Mafara aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, a watan Agustan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka kwashi ɗalibai da ma'aikata, ƙauyukan Maradun kuwa sun ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Wanda ya ce wannan ba lokacin zuba siminti don gidan tarihi ba ne, ban ƙi tasa ba, kuɗin ya fi amfani a wani wurin. Amma doka da taswira ba su cin kuɗin da ya kai na motar kwamishina ɗaya, kuma a lokacin rikici ne filaye suka fi sauya hannu, sa'ad da masu su suka yi gudun hijira, idon jama'a kuma yana wani wuri. Yanzu da filin bai da farashi ne za a iya keɓe shi ba tare da rigima ba. Ranar da zaman lafiya ya dawo, aikin noman rani ya farfaɗo, bakin madatsar ya zama wurin shaƙatawa, to a ranar masu rumfunan wucin gadi za su riga kowa isa.

Akwai kuma aikin da bai jiran majalisa ko kaɗan, kuma wannan ya faɗo a kanmu ne mu malaman jami'a. Wanda yake ɗan shekara 20 a ranar da aka shiga Birnin Tudu yanzu ya haura 60 da 'yan kai, dattawan da suka jagoranci tare hanya kuwa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga jami'ar jiha a garin, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A tura su da na'urar naɗar murya, ko da ta wayar hannu ce, zuwa gidajen tsofaffin da suka rage da sansanonin da wasunsu ke gudun hijira. A naɗi maganar yadda ta fito, da munka da sunka da anka, da hwadama da ɗiyan gida, kada wani ya gyara ta zuwa Hausar Kano da sunan daidaitawa, domin karin harshen shi ma kayan tarihi ne, kuma a cikinsa ne za a ji sunayen gonaki da tafkuna da itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa tun 1978. A tambaye su wace gona ce gado, wace ce jingina, wace ce aro a lokacin da ma'aikatan auna ƙasa suka zo, domin da yawa daga rigimar diyya daga nan ta taso, sa'ad da takardar hukuma ta tanadi gurbin suna ɗaya ga gonar da mutum biyu ko uku ke da haƙƙi a kanta. A ajiye kwafi a Gusau, wani a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, wani a Gidan Arewa da ke Kaduna, har zuwa ranar da Bakolori za ta samu ɗakin da za a mayar da su.